Tarho Mai Faifai a Ƙasar Kano: Tarihinsa da Yadda Ake Gane Shekarunsa

Tarho mai faifai wayar girke ce da ake kiran lamba da ita ta hanyar juya wani faifai mai huda goma da yatsa. Kowace huda da lambarta, daga 1 zuwa 9, sifiri kuma a ƙarshe. Mai kira yakan ɗaga kan wayar ya saurari ƙugin layi, ya zura yatsa a hudar lambar da yake so, ya ja faifan ta hannun dama har yatsan ya daki wani ɗan ƙarfe da aka kafa don tsayar da shi, sa'an nan ya saki. Faifan ya koma mazauninsa da kansa, mai kira ya sake zura yatsa don lamba ta gaba. Da irin wannan tarho ofisoshi da kamfanoni da gidajen masu hali a Kano da Kaduna da Zariya suka yi aiki tun daga ƙarshen mulkin Turawa har zuwa shigowar tarho mai maɓallai da wayar salula.

Aikin gaba ɗaya a komawar faifan yake, ba a jansa ba. Jan faifai ɗaure sifirin ne kawai. Da an saki, sifirin ya mayar da shi baya, wani ɗan birki mai juyawa kuma ya hana shi gudu fiye da ƙima. A wannan komawar ne wasu ƙananan ƙarafa suke katse wutar layin suna mayarwa, sau 10 a daƙiƙa guda. Lamba 3 katsewa uku ce, lamba 7 katsewa bakwai, sifiri kuwa katsewa goma, shi ya sa ya fi kowace lamba cin lokaci. Can a cibiyar haɗa waya, kowace katsewa tana matsar da wani makunni taki ɗaya, har layin mai kira ya faɗa kan layin wanda ake nema. Ƙasashe ƙalilan ne suka saɓa wa wannan lissafi. A Suwidin sifiri ne ke farko, da katsewa ɗaya, a New Zealand kuma an jera lambobin a baibai. Jinkirin faifai ya shafi har rabon lambobin gari: lokacin da Amurka ta raba su a 1947, sai aka ba New York 212, domin tana cikin mafiya saurin juyawa.

Wutar da tarhon ke amfani da ita daga cibiya take zuwa, ta cikin wayoyin jan ƙarfe guda biyu da ke ɗauke da murya. Manyan batura ne a can suke ba da kimanin bolt 50, idan kuma za a kaɗa ƙararrawa sai a turo wata wuta mai ƙarfi fiye da haka. Saboda haka ko an ɗauke wutar lantarki a unguwa, tarho na nan da ransa muddin baturan cibiya ba su mutu ba.

Asalin abin daga Amurka yake. Alexander Graham Bell ya karɓi takardar mallakar fasahar tarho a 1876, kuma shekaru da yawa bayan haka ba a kiran kowa sai ta hannun ofareta, wadda ke zaune gaban allo tana soka igiyar wani layi a ramin wani. Almon Strowger, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City, shi ya ƙirƙiro makunnin da ke haɗa layi ba tare da ofareta ba, ya yi masa rajista a 1891. Ana ba da labarin cewa zargi ne ya tunzura shi, wai ofareta tana karkatar da masu nemansa zuwa wurin abokin hamayyarsa. An buɗe cibiyar farko mai aiki da kanta a garin La Porte na jihar Indiyana a 1892, amma da maɓallai ake kira a lokacin. Abokan aikinsa ne suka fito da faifan a 1896. Ingila ta buɗe cibiyarta ta farko irin wannan a Epsom a 1912, kuma tsarin Ingila ne ya biyo Turawan mulki zuwa Nijeriya.

A nan ƙasar tangaraho ya riga tarho. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar ƙarƙashin teku, a 1893 kuma ofisoshin gwamnati a Legas suka samu tarho. Daga nan waya ta yi ta haurowa arewa ta Ilori da Jebba. Bayan da sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, turakun tangaraho suka bi sawunsu, domin gwamna a Zungeru yana bukatar jin abin da razdanoni suke ciki. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shi ma da wayarsa a gefe, wadda tashoshi ke sanar da juna tasowar jirgi da ita. Ke nan tun farko mulki da jirgin ƙasa da fataucin gyaɗa aka ja wa waya, ba jama'ar gari ba. Magana ta tarho tsakanin gari da gari kuwa ta yi jinkiri ƙwarai. Layin kasuwanci na farko na irin wannan an buɗe shi ne a 1923 tsakanin Itu da Kalaba, kuma sai tsakanin 1946 da 1952 aka yi tsarin da ya haɗa Legas da Ibadan, ya miƙo Kaduna da Kano.

Alƙaluman shekarar 1960 su ne mabuɗin fahimtar duk wani tsohon tarho da za a tsinta a Arewa. A shekarar samun 'yancin kai, Nijeriya tana da layukan tarho 18,724 ga mutanen da aka ƙiyasta sun kai miliyan 40. Cibiyoyin haɗa waya 121 ne, 116 daga ciki na ofareta, 5 kacal ke aiki da kansu. Faifai ba shi da amfani sai a layin cibiya mai aiki da kanta. Don haka tarhon da ya yi aiki a ƙaramin gari kafin 1960 galibi ba shi da faifai ko kaɗan. Mariƙi ne da shi a gefe, a murza shi ya haifar da wutar da za ta faɗakar da ofareta, a gaya mata wanda ake nema, a jira. Irin wannan yana tafe da baturansa guda biyu, a cikinsa ko a wani akwatin katako a bango. Duk wanda ya nuna tarho mai faifai ya ce a ofishin wani hakimi aka yi aiki da shi tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953, to maganarsa na bukatar shaida mai ƙarfi.

Ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Kano, ta nuna ɗaya fuskar labarin. Rano tsohuwar masarauta ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, amma a zamanin Turawa gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma layin dogo daga Zariya ya bi ta yamma da ita, ta wajen Madobi da Challawa. Saƙon hukuma a irin wannan yanki hawa-hawa yake sauka. Takarda ta taso daga birni zuwa ga hakimi, hakimi ya tashi manzo a kan doki ko keke zuwa ga dagaci, dagaci ya sanar da masu unguwanni, mai shela ya kai wa talakawa. Ƙauye irin Lausu a ƙarshen wannan jerin yake. Saƙon 'yan'uwa kuma, na rasuwa ko haihuwa ko ɗaurin aure, ranar kasuwa ke ɗaukarsa, ko direban motar haya, ko wasiƙar da malamin makaranta ya rubuta, daga baya kuma filin gaishe-gaishe da sanarwa na gidajen rediyon Kaduna da Kano. 'Yan cirani ma sukan ɗauki muryarsu a kaset su ba mai zuwa gida.

Manyan ayyukan gwamnati sun shigo yankin a shekarun 1970, musamman madatsar ruwa ta Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da noman rani da ya biyo bayanta, sai kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Duk da haka jan layin jan ƙarfe zuwa karkara tsada gare shi, kuma kuɗin da zai dawo da shi kaɗan ne. A sassa da yawa na Arewa, ofisoshin 'yan sanda da na hukuma da ke nesa da birni sun fi dogara da oba-oba. Mafi yawan mutanen ƙauyukan kudancin Kano ba su taɓa juya faifai ba. Tarhon farko da suka riƙe a hannu salula ce. Wannan ma hujja ce ga mai bincike: tarho mai faifai da aka tarar a wani gida a Lausu ko Kibiya, mafi kusa shi ne daga birni ya zo, a kayan wani ma'aikaci da ya yi ritaya ko wani ɗan kasuwa da ya tashi daga Fagge ko Sabon Gari, ba wai a ɗakin da aka same shi ya yi ƙara ba.

Zamanin faifai na sosai a Nijeriya daga 1960 ne zuwa wajen 1990. Ma'aikatar gidan waya da tangaraho, wadda aka fi sani da P&T, ita ke riƙe da layukan cikin gida, kamfanin NET da aka kafa a 1963 kuma yana riƙe da na ƙetare. Kuɗin man fetur ya kawo manyan kwangiloli na sauya cibiyoyin ofareta da masu aiki da kansu, inda kamfanoni irin su ITT da Siemens da Ericsson suka samu shiga. Ɗan Kano, Murtala Muhammed, wanda dama jami'in sadarwa ne a soja, shi ne kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1974 har ya zama shugaban ƙasa a 1975. A wannan zamani ne kiran wani gari kai tsaye ya bazu, kowane gari da lambarsa: Kano 064, Kaduna 062, Zariya 069, Katsina 065, Sakkwato 060, Legas 01. A watan Janairu na 1985 aka haɗe NET da ɓangaren tarho na P&T aka haifi NITEL, wasiƙu kuma suka koma hannun NIPOST.

Samun layi a wancan lokaci sai da haƙuri da hanya. Mutum kan cike takarda ya jira shekaru. Wanda ya samu, tarhonsa yakan zama na unguwa. Maƙwabta su ba da lambarsa ga 'yan'uwansu da ke Legas ko Makka, a kira a ce a nemo wane, a kashe, a sake kira bayan an aika yaro ya zo da shi. Tun da kuɗin kira a kan mai gida yake, sai aka shiga sa wa faifan ɗan ƙaramin kwaɗo a huda, yadda za a iya amsa kira amma ba za a iya bugawa ba. Yara masu wayo kuma suka gano cewa danna mazaunin kan waya da sauri-sauri yana katse layin daidai yadda faifai ke yi, don haka kwaɗon bai cika hana su ba. Wanda ba shi da maƙwabci mai tarho sai ya tafi ofishin NITEL ya bi layi. Da damina ruwa kan shiga wayoyin ƙarƙashin ƙasa, layuka su mutu ko su harɗe, mutum ya ɗaga waya ya ji hirar wasu. Satar wayar jan ƙarfe ma ta yi wa tsarin illa mai yawa.

Ƙarshen faifai ya zo ta hanya biyu. Tarho mai maɓallai, wanda ke aika lamba da sauti maimakon katsewa, ya fara aiki a Amurka a 1963, kuma da NITEL ta shiga girka cibiyoyi masu aiki da kwamfuta, sai mutane suka koma sayen masu maɓallai a kasuwa, masu faifai suka koma sito. Sa'an nan wayar girken kanta ta faɗi. An kafa hukumar NCC a 1992, aka yi gwanjon lasisin salula a watan Janairu na 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. A lokacin layukan girke na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Ko da ake biyan naira 50 a minti guda, jama'a sun yi tururuwa zuwa salula. An sayar da NITEL ga Transcorp a 2006, aka soke cinikin a 2009, daga bisani aka sayar da kadarorinta ga NATCOM. Abin da ya rage na wancan zamani a hannun jama'a shi ne akwatunan tarhon.

Gane shekarun tarho yana farawa ne da kifa shi. A ƙasan tarhon da aka yi wa gidan wayan Ingila akan sami hatimi mai kashi uku: lambar samfuri, haruffan masana'anta, da shekara. Idan aka ga 332 da harafin E da 52, ma'anarsa samfuri na 332 ne, kamfanin Ericsson na Ingila ya ƙera shi a 1952. Harafin C na GEC ne, S na Siemens Brothers, H na masana'antar Liverpool da aka sani da ATM, daga baya ATE, PL kuma na Plessey. Harafin da ke manne da lambar samfuri shi ma yana magana: F na nufin faifai mai lambobi zalla, L mai lambobi da haruffa, CB kuma tarhon da aka yi ba faifai. Masu haruffa an yi su ne don Landan da wasu manyan biranen Birtaniya biyar, inda ake juya haruffa uku na sunan unguwa kafin lamba, tsarin da aka fara bari a 1966. Wanda aka tsinta a Kano da irin wannan faifai, alama ce cewa ya fara rayuwarsa a can. Sai dai ba kowane tarhon Ingila ne ke da wannan hatimi ba. Waɗanda kamfanoni suka ƙera don sayar wa ƙasashen waje sukan ɗauki suna da lambar kamfanin ne kawai, wasu kuma an yi musu shiri na ƙasashe masu zafi, da raga a ƙofofin iska don hana ƙwari shiga.

Sunan kamfani kansa yana iyakance shekaru. AEI ta haɗiye Siemens Brothers a 1955, GEC kuma ta haɗiye AEI a 1967. Plessey ta mallaki ATE da Ericsson na Ingila a 1961. Tarhon da aka rubuta wa Jamus ta Yamma bai wuce 1990 ba.

Idan hatimi ya goge, siffa da kayan ƙira ne za su yi jagora. Mafi tsufa shi ne dogon nan mai tsayuwa, wanda ake magana a bakinsa na sama a riƙe abin saurare daban a kunne. Samfurinsa mai faifai a Ingila, mai lamba 150, ya fito ne a 1924. A 1929 aka fito da 162, wanda ya haɗa baki da kunne a hannu guda, gangar jikinsa mai faɗin gindi da tsukakken sama, 232 kuma ya gaje shi a 1934. Waɗannan ba su da ƙararrawa a ciki, a wani akwati daban take. Daga 1937 sai 332, baƙi mai kusurwoyi, wanda aka kwaikwayo daga ƙirar da Ericsson ta yi a 1931 da zanen Jean Heiberg ɗan ƙasar Norway. Ƙararrawarsa na ciki, nauyinsa ya haura kilo 2, da yawansu kuma suna da 'yar aljihun tebur a gindi ta ajiye lambobi. Shi ne tarhon ofis na ƙarshen zamanin Turawa.

Baƙaƙen waɗannan da Bakelite aka yi su, wato robar farko da Leo Baekeland ya haɗa a 1907. Tana da nauyi da tauri, ba ta lanƙwasa, fashewa take yi, idan kuma aka goga ta da yatsa har ta yi ɗumi takan fitar da wani wari mai kama da na magani. Rana tana dusar da ƙyallinta ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. A 1959 aka fito da 706 da sabuwar roba marar nauyi mai launuka, ja da kore da toka da ruwan hauren giwa, 746 kuma ya biyo baya a 1967. Bambanta su ba wuya: 706 yana da zoben lambobi a kewayen faifai ta waje, 746 kuwa lambobinsa a ƙarƙashin faifai mai garai-garai suke. Faifan ƙarfe mai ƙyalli ya girmi na roba, haka igiyar da aka saƙa da zare ta girmi ta roba mai nannaɗe, wadda ta bazu daga ƙarshen shekarun 1950. Sai dai igiya ce ke fara lalacewa a jikin tarho, ita ake fara sauyawa, don haka shaidarta mai rauni ce.

Ba na Ingila kaɗai ake gani ba. Na Jamus akwai baƙin W48 na 1948 da mai ruwan toka da ya gaje shi a farkon shekarun 1960. Na Suwidin akwai Ericofon na 1956, wanda gaba ɗayansa hannu guda ne, faifansa a gindi. A ƙetaren iyaka, wajen Maraɗi da Damagaram, kayan Faransa aka fi sani, inda samfuran U43 da S63 suke ɗauke da shekarar ƙirarsu a sunansu, 1943 da 1963. Na Amurka, 302 na 1937 da 500 na 1949, ba su cika yawa a nan ba, amma sun fi kowanne sauƙin ganewa, domin kusan kowane ɓangare nasu an buga masa kwanan wata.

Buɗe ciki yana ƙara tabbaci. Akan sami shekara a jikin kafasita, a bayan faifai, da kan 'yan gwangwanayen baki da kunne idan aka kwance murafunsu. Sau da yawa akwai takardar zanen wayoyi manne a cikin murfi. Tsofaffi suna da wayoyi masu rigar zare da aka ɗaure da kusoshi, na baya kuma allo ne da aka yi wa hanyoyi da dalma. Idan shekarun sassan sun zo kusa da juna, tarhon yana yadda aka ƙera shi. Idan sun yi nisa, an taɓa gyara shi, kuma wannan ba aibi ba ne. A da gidan wayan Ingila yana da masana'antun sabunta tsofaffin tarho, hatimi irin FWR ko FHR tare da shekara yana nuna lokacin sabuntawar ne, ba na ƙira ba. Masu gyara a Nijeriya ma, saboda ƙarancin kayan gyara, sukan cire faifan wannan su ɗaura wa wancan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar shekarar samfuri a matsayin shekarar tarho. An ci gaba da ƙera 332 fiye da shekara 20 a Ingila, masana'antar ITI ta Bangalore a Indiya kuma ta daɗe tana yin irinsa bayan Ingila ta daina. Ko shekarar ƙira ta gaskiya ba ta faɗin lokacin da tarhon ya shigo Kano, ko a teburin wa ya zauna. Wannan sai shaidun gida. 'Yar takardar da ke tsakiyar faifai ita ce ta farko, domin a kanta ake rubuta lambar layi, kuma lambobin Kano sun taɓa zama huɗu kafin su koma shida. Hatimi ko takardar P&T na nuna kafin 1985, ta NITEL kuma daga 1985. Rasiɗin da aka rubuta da fam da sule ya riga Janairun 1973, lokacin da naira ta fito. Alamar kayan gwamnatin Jihar Kano ba za ta riga 1967 ba. Tsohon littafin lambobin tarho, idan an same shi, zai iya haɗa lambar da ke kan faifai da ofishin da ya mallake ta. A ma'aunin tarihi, 746 mai tsagewa wanda takardarsa ke nan ya fi 332 mai ƙyalli wanda ba a san inda ya fito ba.

Akwai kuma jabu. Kasuwannin kayan ado a duniya cike suke da tarho na tagulla mai walƙiya da katako mai sheƙi, da ake ƙerawa yanzu a sayar da sunan na da. Ana gane su da rashin nauyi, da faifan roba a jikin siffar da ta girmi roba, da allon lantarki na zamani a ciki, wani lokaci ma da maɓallai da aka jera a da'ira don su yi kama da faifai. Ainihin dogon tarho na Ingila baƙin fenti ne da shi. Wanda tagullarsa ke ƙyalli, ko dai an kankare shi ko kuma sabo ne.

Adana tarho bai da wahala idan an kiyaye abu kaɗan. Ba a haɗa shi da wutar gida ko ta janareta. A nisanta shi da rana, wadda ke dusar da Bakelite ta kuma mayar da farar roba rawaya. Ƙurar hunturu takan daskare a cikin faifai, maganinta gogewa ne da ɗigon mai marar kauri a kan gindin juyawa kawai, ban da birkin, domin mai a birki yana ɓata saurinsa. Gwajin lafiyar faifai shi ne a ja sifiri a saki: ya kamata ya koma cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya, ba tare da tsayawa a hanya ba. Bakin magana kuma garin gawayi ne a ciki, laima takan dunƙule shi murya ta dusashe, ɗan bubbugawa a tafin hannu yakan warware shi. Tarho mai faifai ba zai hau layin salula kai tsaye ba, amma akwai ƙananan na'urori da ke mayar da katsewarsa zuwa abin da layin zamani ke ganewa. Kada a sake masa fenti, kada kuma a cire takardar faifai ko wani hatimi da sunan tsabtacewa.

Babban abin da ke cinye waɗannan kayan yanzu shi ne cinikin gwangwan. A cikin mafi yawansu akwai jan ƙarfe a naɗe da ƙararrawa biyu na ƙarfe, 'yan jari-bola kuma a kilo suke saye, su fasa gangar jikin su jefar. Tara tsofaffin tarho bai zama sana'a ko sha'awa mai ƙungiya ba a Kano kamar yadda yake a Turai da Amurka, don haka abin da ya tsira yana sitocin ma'aikatu ne da ɗakunan ajiya na gidaje. Wanda ya gaji irin wannan a Rano ko Kibiya ko cikin birni, abin da ya fi dacewa shi ne ya rubuta sunan ofishi ko gidan da tarhon ya yi aiki, da lambar layinsa, da shekarun da aka yi amfani da shi, tun masu wannan sani suna raye, ya ajiye takardar tare da tarhon. Idan ba shi da wurin ajiya, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna su ne wuraren da ya kamata ya fara tuntuɓa kafin ya miƙa wa mai sikeli.